Dodon da Ya Ƙi Mutuwa a Shagon Mai Rediyo

Ni mutum ne mai kyautata wa jama'a zato, kowa a Bata, inda shagona yake a Kano, zai shaida, in ban da waɗanda suka san ni. Amma abin da ya faru a shagon Mai Rediyo ya mayar da ni mai zargi, har ta kai a gidana in an miƙo min ruwa sai na leƙa cikin kofin kafin in sha.

Mu huɗu ne. Akwai ni, mai sayar da shadda da atamfa. Akwai Mai Kemis, wanda muke kira Dakta don mu ga yadda yake gyara zama in ya ji. Akwai Malam, tsohon malamin sakandare, Bazazzage, wanda ya zo Fagge koyarwa tun yana saurayi ya manta hanyar komawa. Sai mai shagon, Mai Rediyo, wanda kakansa ya zo daga ƙasar Yarbawa, shi kuwa a Fagge aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shagon nasa yana bayan kasuwar Sabon Gari, ɗan mitsitsi ne, in ka yi atishawa a ciki mai shagon gefe ne zai yi maka addu'a.

'Yarsa ce ta kawo wani wasa daga jami'a a wani yajin aiki, ta koya masa, ta koma ta bar shi da ciwon. Wasa ne na baki da 'yan ludo. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, shi ne ƙasa, shi ne sama, shi ne duk wani mugun da za a tarar a hanya. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya faɗi abin da mutumin nasa zai yi, sai a jefa ɗan ludo a ga ko ya yiwu. Ɗan ludon ba irin namu ba ne, fuska ashirin gare shi kamar ɗan siyasa. Ka samu babbar lamba, abinka ya yi. Ka samu ƙarama, ka ji kunya a gaban mutane. Duk Lahadi bayan azahar, lokacin da kasuwa ke hutawa, muke zama. Maiɗakina ta yi ta zargin caca ce, har ta aiko ƙanenta ya duba. Ya zauna ya ji ni ina rantsuwa cewa na tsallake rami da mashi a hannu, ya koma ya gaya mata ba caca ba ce, amma ta riƙa sa min ido.

Ni mayaƙi na ɗauka, mai mashi, ƙato, kyakkyawa, wato dai ni. Dakta ya ce duk mako yana ba da magani, ranar Lahadi kuwa kisa yake so, sai ya zama maharbi. Aikin mai magani ya rage babu mai so, Malam ya karɓa, yadda ya saba karɓar duk ajin da malamai suka gudu daga gare shi. Mai Rediyo shi ke riƙe da labari. Yana zama a bayan wani murfin kwalin talabijin da ya tsayar a kan tebur, a nan yake jefa nasa 'yan ludon ba mai gani. Tun ranar farko ya ce dokar wasan ta yarda kowa ya same shi a gefe ya faɗa masa abin da mutuminsa ya yi a ɓoye. Ni sau ɗaya na yi amfani da dokar, na sace kilishin maharbin Dakta, daga nan na manta da ita.

Mun kashe kuraye, mun kori 'yan fashi, sannan Mai Rediyo ya kawo mana dodo.

Ya iya kawo shi, ba zan hana shi wannan ba. Bai ce ga dodo ba. Ya fara cewa tsuntsaye sun yi shiru. Sai ya ce mun tarar da wani rami a hanya, muna gardamar ko rijiya ce aka fara haƙawa, ashe sawun ƙafa ne. Sai wari, wanda ya kwatanta mana da kwatar bayan 'yan kifi a tsakiyar damina, har Dakta ya toshe hanci da gaske. Da ya gama dafa mu, ya sa hannu a ƙarƙashin tebur ya ɗauko wata ƙonanniyar taransifoma ta tsohuwar rediyo ya dire ta a kan taswirar wasan, kusa da 'yan murafen kwalba da suke a matsayinmu. Tebur ya girgiza. Wannan shi ne dodon. Yana zaune a bakin mashigi, hanya ɗaya tilo ta ƙetare kogi, da kututturen giginya a matsayin kulki, yana dafa wani abu a tukunyar da za ta ci mutanen layinmu duka har da baƙinsu.

Mai Rediyo ya ce dodo ba shi da wayo, ba shi da sauri, amma sau ɗaya yake buƙatar ya same ka. Na ɗaga mashi. Dakta ya ɗana kibiya. Malam kuwa ya ce shi mutuminsa zai matsa ya yi sallama.

Muka yi ta dariya. Shi ko a jikinsa. Ya gaida dodo, ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi ya ruwa. Mai Rediyo ya kumbura murya ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe dodo ya ɗebo abin da ke tukunya a cikin wani ƙoƙon kan bijimi ya miƙa masa. Malam ya ce mutuminsa ya ci, ya yi godiya. Na ce masa Zage-zagi dai ko a cikin labari ba sa ƙyale abincin banza. Ya ce Bakano ai da ya tambayi nawa za a sayar masa da tukunyar. Bayan haka muka afka wa dodon, ya yi mana dukan da murfin kwalbata ya faɗa ƙarƙashin benci, muka gudu.

A cikin makon ne ɗan Malam ya zo daga Zariya. Tun da matar Malam ta rasu yake zaune shi kaɗai a gidan haya a Fagge, ɗan kuwa ya gina masa ɗaki a gidansa, har da fanka da banɗaki a ciki. Ya zo ne ya tafi da shi. Malam bai taɓa yi wa ɗansa ƙarya ba, ban ma taɓa jin ya yi wa kowa ba, har 'yan talla yakan gaya musu gaskiyar dalilin da ba zai saya ba. Abin da ya ce wa ɗan shi ne akwai wani aiki da ya fara da abokansa, ba zai bar su a tsakiya ba, ranar da aka gama zai kira shi ya zo da mota. Da ya ba mu labari ranar Lahadi, Dakta ya tambaye shi wane aiki ne. Malam ya nuna taransifoma da haɓa.

Ke nan kowa ya sani: ranar da dodo ya faɗi, Malam ya bar Kano. Ba wanda yake son tafiyarsa a cikinmu. Amma shi da bakinsa yake cewa mu hanzarta, yaro yana jira, jikoki suna tambaya. Na ɗauka zuciyarsa ta riga ta kai Zariya, gangar jiki ce kawai muke riƙe da ita. Ni kuma, gaskiya, dodon nan ya zauna min a maƙogwaro.

To, sai dodo ya ƙi mutuwa.

Lahadi bayan Lahadi muna kai masa hari. Na soke shi a cinya, na soke shi a haƙarƙari, Dakta ya mayar da bayansa kamar na bushiya. Mu bar shi yana rarrafe, mu ja da baya mu huta, Lahadi mai zuwa mu tarar da shi a zaune garau yana juya tukunya. Mun tona masa rami, ya faɗa, ya fito. Mun cinna wa ciyawa wuta, ya gasa nama da ita. Damina ta shigo ta wuce muna bakin mashigin nan. Na fara mafarkinsa. Wata rana ina auna wa wata Hajiya shadda na ji kaina ina tambayar ta ko ta san inda dodo ya fi rauni.

Zargina na farko a kan murfin kwali ya sauka. Ku duba lamarin da idon ɗan kasuwa. Mutum yana jefa abu a bayan labule, ya leƙa shi kaɗai, ya ɗago ya ce maka ka faɗi. A wace kasuwa ake auna hatsi a bayan katanga? Na fara kula da fuskar Mai Rediyo. Na lura in ɗan ludonsa ya tsaya, yakan sosa kunnen hagu. Na gina hujja mai tsawo a kan kunnen nan, na kai wa Dakta har kemis, ya saurare ni tsaf sannan ya ce shi ya sayar masa da maganin ƙaiƙayin kunne. Ban karaya ba. Na zo da madubin babur na jingina a kan kantar kaya ta bayansa, wai na kawo gyara. Abin da na gani a ciki ƙeyarsa ce kawai.

Sai na fito fili. Na ce a sauke kwali, kowa ya jefa a cikin faranti a tsakiyar tebur. Mai Rediyo ya dube ni ya daɗe. Mutum ne da mutane ke bar wa rediyonsu shekara da shekaru ba tare da sun karɓi ko takarda ba.

Ya ce, "Alhaji, ha'inci kake nufin ina yi?"

Na ce, "Ni ban ce ba. Kwalin ne nake zargi, ba kai ba."

Ya naɗe kwalin ya jefa bayan shago. Ranar ko lemon da ya saba aika a sayo mana bai aika ba. Muka yi wasa a fili, 'yan ludonsa suna faɗuwa kamar na kowa, wani sa'in babba wani sa'in ƙarami. Muka bar dodo kwance cikin jini. Lahadi ta zagayo, ga shi zaune yana juya tukunya.

A ranar ne na kama wata magana da ta daɗe tana wuce ni. Kullum in Mai Rediyo zai kwatanta dodon a farkon zama, yakan ce raunukansa a ɗaure suke da tsumma mai tsabta, ɗauri mai kyau, yana ƙamshin bagaruwa da man shanu. Na tsaya. Dodon da yatsansa ɗaya ya kai turmi, shi zai yi ɗauri mai kyau? A tsakiyar bayansa? Wani ne ke jinyarsa. Wani a cikinmu ne ke bin dokar nan ta ganawa a gefe.

Wa ya san ɗaurin rauni? Na juya na kalli Dakta. Daga ranar duk abin da ya yi ya zama shaida. Ya yi tari, na ce alama ce. Kibiyarsa ta kuskure, na ce da gangan ne. Na tuna kilishin da na sace masa, na ce ramuwa ce yake yi. Na je kemis ɗinsa na ce a ba ni bandeji, ina kallon ƙwayar idonsa in ga ko za ta motsa. Ya ba ni, ya ƙara min da shawarar in auna hawan jini. Malam kuwa, wanda mutuminsa ke yawo da jakar magani a kafaɗa a gaban idona, ko sau ɗaya zuciyata ba ta je kansa ba. Za ka zargi liman da satar takalmi?

Lahadin da ta biyo na zo da shirina. Kafin a fara na kawo ƙuduri: daga yau an soke ganawa a gefe, duk abin da mutuminka zai yi ka faɗa a gaban kowa. Ina magana ina kallon Dakta. Ga mamakina shi ya fara goyon baya, ya ce dama ya daɗe yana zargina. Mai Rediyo ya ce tunda biyu sun yarda, ya zama doka. Malam kuwa yana ta goge tabarau.

Muka shiga faɗa. Ranar sa'a ta zo mana, muka yi wa dodo raga-raga, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, kulkinsa ya faɗa kogi. Muka ja baya mu numfasa, daidai nan aka kira la'asar.

Masallacin yana ƙarshen layi. Da aka idar, na fito na tarar da takalmina ƙafa ɗaya ya shige ƙarƙashin tankin alwala. Na durƙusa a bayan tankin ina laluba, sai na ji muryoyi biyu ta ɗaya gefen. Ashe Malam da Mai Rediyo ne, waɗanda kullum su ne na ƙarshen sa takalmi, ni ina ɗauka tsufa ne.

Mai Rediyo yake cewa, "Malam, yau ba zan iya karɓar jinyar dodon nan a gefe ba. An kafa doka a gabana. Na sha zargi na yi shiru saboda amanarka ce, amma doka ba zan karya ta ba."

Malam ya ce, "Na sani. Ka yi haƙuri da abin da na jawo maka." Sannan ya ce, "Na ci abincinsa, ka ga ai da hujjata. Amma ba ita ba ce. Ɗakin nan da yaro ya gina, na je na gani. Tagarsa katanga take kallo. A nan in na fito ƙofa, kafin in kai bakin titi mutum nawa ne zai ce min Malam ina kwana? A can ni baban wane ne kawai."

Mai Rediyo ya ce to ya gaya wa yaron haka mana.

"Ya kashe abin da yake da shi a ginin nan. Da wane baki?"

Suka wuce. Na zauna a bayan tanki da takalmi ɗaya a hannu, ruwan alwala yana ɗiga a kan hulata, har wani bawan Allah ya tambaye ni ko lafiya.

Da muka koma tebur na yi iya ƙoƙarina. Na ce mayaƙina cikinsa ya murɗa. Na ce ya tuna ya bar wuta a kunne a gida. Na ce a ɗage zama, ina jin kamar za a yi ruwa, alhali rana tana ƙona kwano. Dakta ya dube ni da idon da na yi makonni ina duban sa da shi, ya ce yanzu ya gane wanda ke jinyar dodo. Kafin in kama hannunsa ya ce maharbinsa ya saki kibiya, ya jefa ɗan ludo a faranti, a fili, yadda wani mai hikima ya nace a riƙa yi. Abin ya yi ta juyawa kamar ba zai tsaya ba. Ya tsaya a kan ashirin.

Mai Rediyo ya kalli farantin, ya kalli Malam. Sannan ya sa yatsa ya kwantar da taransifoma a gefenta. Ya ce kibiya ta shiga ta ido, dodo ya faɗi, ƙasa ta girgiza har kogi ya koma baya. Bai ƙawata ba yadda ya saba. Dakta ya miƙe zai yi rawa, ya ga fuskokinmu, ya tuna, ya koma ya zauna a hankali. Malam ya ciro wayarsa daga aljihu ya ajiye a kan tebur, yana neman lambar ɗansa da yatsa ɗaya.

Ni dai bakina bai taɓa jiran izinina ba. Na ji shi yana cewa, "Wai dodon nan daga sama ya faɗo? Ba shi da dangi?"

Mai Rediyo ya ɗago. Na ce ƙato kamar wannan ya mutu a bar shi a bakin hanya kamar jaki? Ga tukunya, ga kogonsa cike da kayan matafiya, ga mashigi da ake biyan kuɗin ƙetare. Wa zai gaje su? In muka wuce muka bar dukiya haka, gobe dangi su kaure da faɗa su tare hanya, aikinmu bai yi ba ke nan. Kuma a cikinmu akwai wanda ya ci abincin mamacin.

Mai Rediyo ya sosa kunnen hagu. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, aka ji ƙarafa suna kara, ya fito da taransifoma biyu da wata tsohuwar lasifika. Ya kumbura murya ya ce daga ƙetaren kogi an ji kuka, ga ƙanen dodo, ga gwaggonsa, ga kuma wani da ya ce shi ɗansa ne amma sauran ba su san shi ba.

Duk muka juya ga Malam. Gidansu gidan alƙalai ne, rabon gado a cikinsa ya tashi, a unguwa ma shi ake kira in lissafi ya cije. Yatsansa yana kan wayar. Ya kalli lasifikar nan ya daɗe, sannan ya tambaya ko wanda ke da'awar ɗa yana da shaidu.

Mai Rediyo ya ce yana da su, amma suna bayan duwatsu, tafiya ce mai nisa, kuma hanyar ba ta da kyau.

Malam ya ce, "To ba a raba gado a kan shakka." Ya mayar da waya aljihu. "Sai an je an ji daga bakinsu."

Dakta bai gane komai ba sai da na bi shi kemis na yi masa bayani, ya ce shi tun farko ya sani, wanda ƙarya ce tsagwaronta. Washegari na aika wa Mai Rediyo sabon kwalin talabijin, babba, mai kauri. Bai ce ya gode ba, amma ranar Lahadi na tarar da shi a tsaye a kan tebur, lemo kuma ya dawo.

Har yau ba a gama rabon ba. Duk sanda aka kusa, sai wata matar dodo ta ɓullo daga wani kogo da goyo a baya. Shagon ya ƙare da taransifoma, yanzu har injin fanka ya zama kawu. Dangin ba duka ne masu haƙuri ba, don haka ni da Dakta muna samun wanda za mu soka, sai dai yanzu kafin in ɗaga mashi nakan tambaya ko magaji ne.

Zargi kuwa bai bar ni ba, wurin zama kawai ya sauya. Yanzu ɗan Malam nake zargi. Yakan zo Fagge da jikokin a ƙarshen wata, ya kawo wa uban doya da man gyaɗa. Rannan ya biyo ta shagona a Bata ya sayi shadda, har ya kai ƙofa sai ya juyo ya tambaye ni, ba tare da ya kalle ni ba, ko aikin nan na su Baba yana da sauran tafiya. Na ce masa ai aiki ne mai rassa. Ya gyaɗa kai ya ce haka ya yi tsammani, ya ce ɗakin ma buhunan masara ya zuba a ciki kafin nan. Na bi bayansa da kallo har ya shiga mota. Ban ga ya yi dariya ba, amma kafaɗunsa ban yarda da su ba.